Karen gadi da ciyawar damana

A wannan mako za mu ɗan huta da zancen farashi da na albashi, mu zagaya gindin katanga inda aka ɗaure kare, domin akwai wata magana a can wadda ta kusa jawo asara a unguwarmu.

Ruwa na biyu ke nan da ya sauka, ƙasa ta yi laushi, haki ya fara tsirowa a bakin magudanar ruwa. Ran nan da sassafe ina shirin fita aiki, sai na ji hayaniyar yara a ƙofar wani maƙwabcina, ɗan kasuwa mai magazar hatsi da wake. Da na leƙa, na iske sun yi wa karensa zobe, kowa da dutse a hannu, suna cewa ya haukace. Mi ya yi? Wai sun gan shi ya duƙufa yana tsinkar ciyawa kamar akuya, jim kaɗan ya shiga kakari, ya amayo wani ruwa rawaya mai kumfa haɗe da ganyen da ya ci. Mai gidan kansa ya fito da hula a hannu, har yana shawarar a nemo wanda zai kashe shi tun bai ciji ɗan wani ba. Shi kuwa karen yana tsaye yana kaɗa bindi, yana duban kaskonsa.

Na ce, "Alhaji, don Allah a dakata tukuna." Na tambaye shi ko karen ya ciji wani, ya ce a'a. Ko ya sake hali cikin kwanakin nan, ko yana dalalar da miyau, ko muryarsa ta dishe? Ya ce ko kusa, daren jiya ma shi ya kwana yana haushi har asuba. To, yaushe rabonsa da abinci? Nan fa aka yi shiru, aka shiga kallon juna. Uwargida ta ce ta ɗauka yaron gida ya ba shi, yaron gida ya ce ai tuwon bai yi saura ba. Ashe tun azahar ɗin jiya babu abin da ya shiga cikinsa. Dabbar da ta shekara huɗu tana tsaron dukiyar mutum, ta kusa rasa ranta saboda ɗumamen da bai ragu ba.

Tun daga ranar nake juya wannan tambaya: mi ke kai kare, mai haƙoran yagar nama, ga cin ciyawa? Kuma yaushe ne abin ya zama na tsoro?

Amsar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce, kare likitan kansa ne: in cikinsa ya ɓaci sai ya nemi ciyawa ya ci don ya yi amai ya samu sauƙi. Wannan magana ba ta yau ba ce. Masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, ya rubuta ta cikin littafinsa na halayen dabbobi shekaru fiye da 2,300 da suka wuce, har ya ƙara da cewa kare mai tsutsar ciki yakan shiga gona ya ci ganyen shuka. Waɗanda suka yi lakkwal kuma sun san kalmar Faransanci chiendent, wato haƙorin kare. To, kiri-kirin nan da ke malala a fadamu da bakin rijiyoyin lambu, wadda manomi ke fama da ita da hauya, tana cikin ciyayin da Faransawa ke kira da wannan suna. Ke nan alaƙar kare da ciyawa tsohuwa ce, har ta shiga harsunan mutane.

Amma dadewar magana ba ita ce gaskiyarta ba. A shekara ta 2008 wasu likitocin dabbobi na jami'ar Kaliforniya da ke garin Debis a Amurka, Karen Sueda da Benjamin Hart da Kelly Cliff, suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan karnuka 1,571 masu cin tsirrai, ta hanyar tambayar masu su. Suka samu cewa 68 cikin 100 na karnukan suna cin ciyawa ko ganye kullum, ko aƙalla kowane mako. Waɗanda aka saba ganin alamar rashin lafiya a jikinsu kafin su ci ba su kai 10 cikin 100 ba. Waɗanda suka saba yin amai bayan sun ci kuwa, 22 ne cikin 100. Mai karatu ɗan kasuwa ne, ya iya lissafi: cikin karnuka biyar, kusan huɗu suna cin ciyawarsu su wuce abinsu, ba ciwo kafin, ba amai baya. Wani abin lura kuma, ƙananan karnuka masu jini a jika sun fi tsofaffi yawan ci, alhali su ne suka fi ƙarancin nuna ciwo.

Kafin wannan da shekara guda, a 2007, masu bincike na wata jami'a da ke garin Armidal a Ostareliya sun bi wata hanya dabam. Ba su tambayi kowa ba. Karnuka 12 suka tsare, suna ajiye musu ciyawa iri biyu, ɗaya daga ciki ita ce kiri-kirin tamu, suna ƙirga kowane ci. Sau 709 aka ga karnukan sun ci, sau 5 kaɗai aka ga amai. Abin da ya fito fili shi ne, sun fi cin ciyawa kafin a ba su abinci, in sun ƙoshi kuwa sai su rage. Daga baya, a 2010, a wannan jami'a aka ba karnuka wani abinci mai ɗan sakin ciki da gangan, don a ga ko za su ruga ga ciyawa neman magani. Sai aka ga akasin haka: da cikinsu ya saki, sai suka rage cin ta.

Saboda haka ni dai na ajiye zancen kare likitan kansa a gefe. Ga mafi yawan karnuka, cin ciyawa ɗabi'a ce irin ta mai lafiya, kamar yadda mutum ke tsinkar tsakuwar goro ko ya tauna asawaki ba don yana ciwo ba.

Daga ina ɗabi'ar ta fito? Kakan kare shi ne kyarkecin ƙasashen sanyi, kuma masu bin sawun kyarkeci a daji sun daɗe suna samun ciyawa cikin kashinsa. Wani masani mai suna Adolph Murie, wanda ya buga littafi a kan kyarketan Alaska a 1944, ya lura da cewa wani lokaci akan ga tsutsotsin ciki sun fito tare da ciyawar. A dazuzzukan Tanzaniya ma an ga birai manya, waɗanda ake kira shampanze, suna haɗiye ganye mai kaushi ɗungurungum ba tare da sun tauna ba, ganyen ya bi hanji ya fito da tsutsa. Daga nan ne su Hart suka kawo ra'ayin cewa ciyawa tsintsiyar hanji ce da kare ya gada tun zamanin da ba allura ba ƙwaya: yana sharar cikinsa lokaci lokaci, ko akwai tsutsa ko babu. Ra'ayi ne, amma mai ma'ana, kuma ya dace da abin da aka gani cewa ƙanana sun fi ci, tun da su ne tsutsa ta fi wahalarwa.

Tsintsiya kuwa ta dace da ita, domin kare ba ya narkar da ciyawa. Saniya da tunkiya da raƙumi suna da tumbi mai ɗakuna, cike da ƙananan halittu masu ruɓar da haki, ga kuma tuƙa. Kare ba shi da ko ɗaya. Haƙoransa 42 na yanka ne da fasa ƙashi, ba na niƙa ba, hanjinsa kuma gajere ne. Shi ya sa in ka duba kashinsa sai ka ga ganyen ya fito kore shar yadda ya shiga. In kuma ya haɗiyi dogayen ganye da gaggawa bai tauna ba, sukan sosa masa maƙogwaro da bangon ciki, amai ya biyo baya.

Kada kuma mu manta da abu mai sauƙi: daɗi. Wata takwas ko tara ƙasarmu tana bushe, ba kore sai a lambu. In sabon tsiro ya fito, mai taushi, mai ruwa, mai ɗan zaƙi, dabbar da ba ta kula shi ba ita ce abin mamaki. Akwai kuma kaɗaici. Karen ma'aikaci a Yamai ko Damagaram yakan wuni ɗaure da sarƙa mai tsawon taku uku, daga fitowar rana har a rufe ƙofa da dare, ba mai yi masa magana, ba abin taunawa. Irin wannan, duk abin da bakinsa ya kai zai ci, ko ciyawa ce, ko tsumma, ko furannin da uwargida ta shuka a tukunya.

Yanzu mu komo ga karen Alhaji da ruwan nan rawaya mai kumfa. Hausa ta riga ta ba shi suna: kumallo. Ba banza ba muke kiran abincin safe karin kumallo. In ciki ya daɗe babu kome, ruwan ɗaci na matsarmama yakan komo daga hanji ya shiga cikinsa, ya dame shi, zuciya ta tashi. Haka yake ga mutum, haka yake ga kare. Karen da aka ba abinci sau ɗaya da rana, ya kwana yana sintiri da haushi, to kafin gari ya waye cikinsa ya yi awa goma sha shida ko fiye a wofi. Yana fita sai ya faɗa wa ciyawa da haɗama, ya amayo ta da kumallon. Mai kallo ya ce ciyawa ce ta sa shi amai, ko ya ce hauka ce, alhali yunwa ce tsagwaronta. Maganin wannan bai kai kuɗin ƙwayar magani ɗaya ba: a raba abincinsa biyu, a ba shi rabi da hantsi, rabi da dare kafin a sake shi gadi. Akwai masu cewa kare mai yunwa ya fi tsaro. Ni ban yarda ba. Kare mai yunwa shi ne wanda ɓarawo ke saye da tsokar nama guda.

Bayan lokacin ci, sai abin da ke cikin kaskon. A nan akwai wani labari daga Koriya ta Kudu da likitocin dabbobi ke yawan ambatawa. A 2007 aka buga bayanin wani ƙaramin kare ɗan shekara 11, wanda ya shekara 7 kullum sai ya ci ganye ya yi amai. An auna shi ta kowace hanya ba a samu cuta ba. Sai aka sauya masa abinci, aka ba shi mai yawan abin da Faransawa ke kira fibir, wato zare-zaren nan da ke cikin dusa da ganye da ɓawon wake, waɗanda ba su narkewa amma suna ba kashi jiki, su tura shi ya fita salin alin. Cikin kwana 3 ya bar cin ganye, ya bar amai, kuma aka bi shi wata 13 abin bai komo ba. Kare ɗaya ne, ba a gina hukunci a kan kare ɗaya. Binciken Debis ma bai ga bambanci tsakanin masu cin abinci iri kaza da iri kaza ba. Amma gwajin ba shi da tsada, ba shi da haɗari, kuma ina ganin ya fi shafar karnukanmu na birni fiye da yadda muke zato.

Ga dalilina. Karen ƙauye yana cin tuwon hatsi da na dawa, yana lasar ƙasarin da aka wanke surfe, yana samun dusa a gindin turmi, yana bin yara gona ya kama ɓera ko ƙadangare ya cinye da gashi da fata. Karen birni fa? Tukunyarmu ta birni ta koma farar shinkafar da ake shigowa da ita daga waje, da makaroni, da burodi, dukansu an cire musu dusa tun a masana'anta. Abin da ya yi saura shi ake kankarewa a zuba masa, da mai da barkono da gishiri da dunƙulen magi. Ba zare, ba nama, sai ƙashi in an yi sa'a. In irin wannan kare ya shiga yunƙurin kashi da ƙyar, ko kashinsa ya zama yau tauri gobe ruwa, ya kuma matsa wa ciyawa, to ba sai an kira boka ba.

Hatsin kansa ba laifi ba ne. A 2013 masana na jami'ar Ufsala a ƙasar Suwidin suka nuna cewa ɗaya daga cikin manyan bambance-bambancen kare da kyarkeci shi ne ƙarfin narkar da abinci mai gari. Ƙwayar gadon da ke sa jiki ya yi sinadarin amilaz, mai narkar da irin wannan abinci, kyarkeci guda 2 gare shi, kare kuwa daga 4 har zuwa 30. Dubban shekarun da ya yi yana cin saurar tukunyar manoma ne suka sauya masa ciki. Mu nan ba mu bukatar a gaya mana. Dubi karnukan farauta na Buzayen Azawak, arewa da Tawa, dogayen nan masu siririn ƙugu da ke cimma barewa da gudu, waɗanda Turawa suka fara kwasa zuwa Turai a shekarun 1970: hatsi da nono ne yawancin cimarsu a ruga, sai abin da farauta ta kawo.

To mi za a ƙara a kaskon? Abin yana nan cikin kasuwarmu, kuma mafi arha ne. Kabewa dafaffiya ita ce ta farko, domin tana gyara mai tauri ta kuma ɗaure mai ruwa. Karoti da dankali da shu, in an dafa su ba yaji, duk suna yi. Wake ma yana yi in ya dahu lugub, amma kaɗan, don yana kumbura ciki. Dusar hatsi ko ta alkama, mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba, cokali ɗaya ko biyu a dama cikin tuwon babban kare ya isa. Sai dai a shigo da ita sannu sannu cikin mako guda. Wanda ya juye wa kare tiya guda ta dusa rana ɗaya don ya ji an ce tana da amfani, zai kwana yana wankin tsakar gida. Kuma zare ba ya maye gurbin nama. Kare yana bukatar abin gina jiki: kayan ciki dafaffe, kifin da aka cire wa ƙaya, ƙwai dafaffe, ɗan nono mai tsami. Hanya mafi sauƙi ga uwargida ita ce ta ɗebi rabon kare daga tukunya tun kafin a zuba miya.

Wannan na ƙarshe ba tsirfa ba ce. Albasa, ko ɗanya ko dafaffiya, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, haka ma tafarnuwa. Mu kuwa ƙasar albasar Galmi, wace miya ce tamu ba ta da ita? Ɗan abin da ya lasa rana ɗaya ba zai kashe shi ba, amma kullum kullum yana rage masa jini. Goro da kafe da shayi da cakulan duk suna da sinadaran da ke bugar da zuciyar kare, inabi kuma yana lalata masa ƙoda. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa yana tsagewa kamar allura ya huda hanji. Ruwa kuma kada ya yanke a gabansa: kare mai nauyin kilo 20 yana shan lita guda ko fiye a yini, balle a watan Afrilu da Mayu.

Sai tsutsa. In har gaskiya ne kare yana sharar cikinsa da ciyawa, to tsintsiyar ba ta share tas. Maganin tsutsa shi ke yi, kuma likitocin dabbobi sukan ce a ba babban kare kamar kowane wata uku, kwikwiyo kuwa tun yana ɗan mako biyu ake farawa, a riƙa maimaitawa. A je ma'aikatar kiwo ko kantin maganin dabbobi na gaskiya a saya gwargwadon nauyinsa, ba wurin mai tallan ƙwayoyi a faranti cikin rana ba. Maganin ciwon jiki na mutane kuma, irin su ibuforofen, yana iya huda cikin kare. Kada a ba shi. Wannan zancen tsutsa ya wuce lafiyar kare, ya shafi ƴaƴanmu masu wasa da ƙasa. Mahauta sun san huhu ko hantar tunkiya da raƙumi mai ƙulli cike da ruwa, wadda ake yankewa a jefa wa karnuka, musamman ranar Layya. Kare ya ci ta ɗanya, wata ƙaramar tsila ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashi ya zauna kan ciyawa da ganyen lambu. Daga nan tunkiya ta ɗauka, ko mutum ya ɗauka, ƙullin ya tsiro masa a hanta ko huhu, wani sai an yi masa aiki. Irin wannan nama a ƙone shi ko a binne shi da zurfi.

Ita ciyawar kanta ba kowace ce za a bari ya ci ba. Wadda aka yi wa feshin maganin ƙwari ko na kashe haki a lambu da gona guba ce. Ta bakin kwata da juji, inda kowane karen unguwa ke kashi, nan ne kwikwiyo ke ɗauko ƙwan tsutsa da cutar nan mai sa amai da zawon jini, wadda ke kashe ƙanana cikin ƴan kwanaki in ba a yi musu rigakafi ba. Ƙarangiya in ta ƙosa tana maƙalewa a baki da maƙogwaro. Tumfafiya da zaƙami da ƴaƴan zurma da na bini-da-zugu kuwa, waɗannan ba ciyawa ba ne, dafi ne, kuma karen da aka ɗaure kusa da su cikin kaɗaici zai iya taunawa. Wanda yake da fili, ya bar masa ɗan kiri-kiri mai tsabta a gefen rijiya ko famfo, ya huta.

Yanzu ga inda tsoron yaran unguwarmu yake da tushe, kuma ba zan yi musu dariya ba. Haukar kare gaskiya ce, tana nan cikin ƙasarmu, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutane wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Gaskiya ne kuma mahaukacin kare yana cin abin da ba abinci ba. Sai dai cinsa dabam ne. Mai lafiya yana sunsunawa, ya zaɓi ganye mai taushi, ya tsinka, in ka kira shi ya ɗago ya zo. Mahaukaci ba ya zaɓe: itace, dutse, ƙasa, tsumma, sarƙarsa, duk cizo yake. Halinsa ya juye, mai fara'a ya zama mai faɗa ko mai faɗa ya yi laƙwas. Muryarsa ta sauya. Miyau yana zuba. Wani haɓarsa ta saki ya kasa rufe baki, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya sa hannu zai ciro. Kada a sa hannun nan. A kulle shi inda ba zai kai ga kowa ba, a sanar da ma'aikatar kiwo. Kare mai wannan cuta ba ya wuce kwana goma da fara nuna alama. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar, ba a jira a ga abin da zai faru da karen ba. Allurar rigakafin kare kuwa tun yana ɗan wata uku ake yi, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta. Wanda ya riƙe takardar allurar karensa, ranar da yara suka taru da duwatsu yana da abin nunawa.

Tsakanin ɗabi'a da hauka akwai ciwo na yau da kullum, shi ma yana da alamunsa. In karen da bai saba ba ya tashi rana ɗaya yana cin ciyawa kamar zai cinye fili, yana lasar leɓe yana haɗiyar miyau. In amai ya wuce sau biyu ko uku a yini, ko ya ɗauki kwanaki. In akwai jini a amai ko kashi, ko kashin ya yi baƙi kamar kwalta. In ya ƙi abinci, ya rame, dasashinsa ya yi fari. To wannan ba na kabewa ba ne, na likitan dabbobi ne. In kuma cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana kakari ba abin da ke fita, to ko tsakar dare ne a nemi likita, domin irin wannan ba ya kai safe.

Malamanmu sun halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, sun kuma ce wanda ya tsare dabba, cinta da shanta suna wuyansa. Na tuna wa Alhaji wannan, na kuma tuna masa cewa mai gadin magazarsa na kasuwa ba ya kwana da yunwa, kuma ƙarshen wata yana karɓar albashi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka kama ni." A ranar aka kai karen aka yi masa allurar da aka shekara biyu ana cewa gobe, aka sayo maganin tsutsa, aka kuma ɗora wa yaron gida nauyin kasko safe da dare, da sharaɗin a ɗebi na kare kafin a zuba miya.

Shekaranjiya na wuce ta ƙofar gidan da hantsi. Na iske shi a bakin magudanar yana tsinkar sabon tsiro a natse, ganye ɗaya ɗaya, yaran da suka so jifarsa suna ta ƙwallo kusa da shi, ba wanda ya ko waiwaya. Alhaji ya ce tun da aka raba abincin biyu bai sake ganin kumallon safe ba, sai dai yanzu uwargida tana ƙorafin kabewar miyarta ba ta kai mako.